Idan Ciwo Na Neman Raba Ka Da Aikinka: Yadda Ake Haɗa Shaidar Likita

Wani maƙwabcina direba ne a wani kamfani, ya fi shekara goma yana jan babbar mota. Ciwon baya ya fara masa a hankali, yana shan maganin kemis yana ci gaba da hawa titi. Ranar da ƙafarsa ta dama ta yi nauyi har ba ya jin birki sosai idan ya taka, sai ya tsorata, ya tattara ya tafi ƙauyensu wajen mai magani. Saƙon baki ya aika wa shugabansa ta hannun yaron motarsa. Ya yi mako bakwai a can. Da ya dawo, takardar sallama ce ke jiransa, an rubuta a ciki cewa ya bar bakin aiki ba tare da izini ba.

Ya zo wurina da wata baƙar leda, ya ce shaidarsa na ciki. Muka zazzage ta a kan tabarma, ba komai sai kwalayen magani da wani ƙullin gari. Duk unguwa mun san mutumin nan ba shi da lafiya, mun ga yadda yake dafa bango kafin ya miƙe daga sujada. Amma babu ko layi ɗaya da wani likita ya rubuta ya sa hannu. Tun daga ranar nake gaya wa duk ma'aikacin da na ji yana fama da jiki cewa jinya biyu ke gabansa: ta jikinsa, da ta takardunsa. Ofis ba ya ganin raɗaɗi, abin da ke cikin fayil yake gani.

Me doka ta ba ka?

Kafin ka nemi takarda, ka san abin da za ta buɗe maka. A Najeriya, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi albashi har na ranakun aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa aiki, amma da sharaɗin likita mai rajista ne ya tabbatar da ciwon. Sashen ya kuma ce idan mai aiki ya nemi likitan da shi ya zaɓa ya duba ka, sai ka amince. Kuɗin da ake lissafawa a kwanakin nan shi ne ainihin albashi, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Kwana 12 kaɗan ne ƙwarai ga mai tarin fuka da zai yi wata shida yana shan magani, ko mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Wannan dai shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta.

Dokar kuma ba kowa take nufi da kalmar "ma'aikaci" ba. Ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da lauyoyi, takardar ɗaukar aikinsu da littafin ƙa'idojin ma'aikatarsu ne ke faɗin abin da za su samu. Don haka ka nemo takardar da aka ba ka ranar da aka ɗauke ka, da littafin ƙa'idojin ma'aikata idan akwai, ka karanta wurin da ya yi maganar hutun jinya. Wasu kamfanoni na ba da watanni da cikakken albashi, sannan wasu watanni da rabi. Wasu ba sa karɓar takarda sai daga asibitin da suka yi yarjejeniya da shi. Gara ka san wannan tun kana da ƙarfin tafiya.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin ƙa'idojin aikin gwamnati. A can, wanda ba a kwantar da shi a asibiti ba, iyakar hutun jinyarsa kwana 42 ne a cikin wata 12. Idan ya wuce haka, ana tura shi gaban kwamitin likitoci. Wanda aka kwantar yana iya samun wata uku a karon farko kafin maganar kwamitin ta taso. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma ya duba ƙa'idojin jiharsa.

Je asibiti tun ciwo na sabo

Mafi yawanmu kemis muke fara zuwa, ko wajen mai ɗori, ko wajen malam. Ba ina nan don in hana kowa addu'a ko maganin da ya gada ba ne. Abin da nake faɗa shi ne, babu ofishin da zai karɓi shaidar mai kemis ko ta mai ɗori. Ko me za ka yi, ka haɗa da zuwa asibiti, a yanka maka kati, a buɗe maka fayil, likita ya rubuta kwanan wata da abin da ka zo da shi. Wannan rubutu na farko yana da daraja fiye da yadda kake zato, domin shi ne zai nuna ranar da ciwo ya fara. Wanda ya je asibiti bayan an ba shi takardar tuhuma, za a ce takardar ce ta kai shi. Wanda fayil ɗinsa ya girmi rigimar da wata takwas, babu mai ce masa haka.

Ka kuma tsaya a asibiti ɗaya gwargwadon iko. Mai yawo daga wannan asibiti zuwa wancan yana ƙarewa da kati biyar, kowane fayil da shafi ɗaya, babu likitan da ya san shi sanin da zai iya rubuta rahoto mai nauyi. Idan ciwon ya fi ƙarfin inda ka fara, ka nemi a rubuta maka takardar turawa zuwa wajen ƙwararre, ka yi kwafinta kafin ka miƙa. Mai matsalar ƙashi da laka akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ido da kunne, akwai cibiyoyinsu na ƙasa a Kaduna. Ciwon damuwa da sauran lalurorin ƙwaƙwalwa, akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ga kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Rahoton babban likita daga irin waɗannan wurare ya fi wuyar musantawa.

"Da sauƙi" ba amsar likita ba ce

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. An raine mu da haƙuri da kawaici. Mutum na kwance ba ya iya juyawa, ka ce masa "ya jiki?", ya ce "da sauƙi, alhamdulillahi." Tarbiyya ce mai kyau a wajen gaisuwa. Matsalar ita ce muna ɗaukar wannan amsa mu shiga da ita ɗakin likita. Likita ya tambaya, ka ce da sauƙi, ya rubuta cewa majiyyaci na samun sauƙi. Wata uku bayan haka ka zo neman rahoton da zai ce ba ka iya aiki, ya buɗe fayil, ya ga kowane zuwa sauƙi ka ce ka samu. Me zai rubuta?

Godiya ga Allah daban, bayani ga likita daban, kuma ɗaya ba ya rushe ɗaya. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗi abin da ke akwai: daren jiya sau nawa ciwo ya tashe ka, minti nawa kake iya tsayuwa kafin ƙafa ta gaza, yaushe rabonka da yin salla a tsaye, sau nawa jiri ya ɗebe ka a wannan mako. Ka ba da labarin ranar da jiki ya fi tsananta, kada ka tsaya kan ranar da ka samu ƙarfin zuwa asibiti kawai. Kada ka ƙara gishiri, likita ya ga dubban marasa lafiya kuma gwaji zai tona. Amma kada ka rage.

Akwai abubuwan da kunya ke hana mu faɗa: fitsarin da ba ya riƙuwa, jinin al'ada da ke zuba fiye da kima har mace ta kasa zama a kujerar ofis, farfaɗiya, kukan da ke zuwa babu dalili, tunanin da ke hana barci. Sau da yawa waɗannan ne ainihin abin da ya hana aikin, amma sai a ce wa likita ciwon kai ne. 'Yar'uwa, idan kin fi sakewa da likita mace, ki nemi a haɗa ki da ita. Idan baki ba zai iya furtawa ba, ki rubuta a takarda ki miƙa mata.

Ƙaramin littafi na taimakawa sosai. Kowace rana layi biyu: kwanan wata, abin da ka ji, abin da ka kasa yi, ko ka je aiki ko ba ka je ba. Masu lalurar da ke zuwa ta tafi, kamar sikila da asma, su suka fi buƙatar wannan, domin ranar da likita zai gan su sau tari garau suke.

Takardar hutu daban, rahoto daban

Mutane na haɗa takardu biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce gajeriyar takardar hutun jinya, wadda ke cewa wane ya huta daga rana kaza zuwa rana kaza. Ita ke kare ka daga zargin fashin aiki. Ka tabbata kwanakinta sun haɗu da juna: idan ta farko ta ƙare ranar Laraba, ka koma asibiti kafin Larabar, kada ka bar giɓin mako guda a tsakani. Likita na gari ba zai mayar maka da kwanan wata baya ba, kuma bai kamata ka roƙe shi ya yi ba. Akwai kuma takardar sassauta aiki, wadda ke cewa za ka iya zuwa amma a rage maka nauyi. Mutane da yawa ba su san suna iya neman ta ba, alhali ita ce ke riƙe wa mutum gurbinsa.

Ta biyu ita ce cikakken rahoton likita, wanda ake buƙata idan jinya ta yi tsawo, ko ana maganar diyya, ko ritaya. Yawancin asibitoci sai ka rubuta takardar nema zuwa ga shugaban asibitin ko sashen ajiye bayanan marasa lafiya, ka biya kuɗi, a ba ka rasit. Yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, don haka kada ka jira sai ana gobe wa'adi zai cika. Neman bayanin lafiyarka haƙƙinka ne; kundin haƙƙoƙin majiyyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ambace shi.

Rahoton da ya ce "yana da hawan jini da ciwon suga" kawai bai yi maka aikin komai ba, domin a ofishin naku ma akwai masu irin wannan ciwo da ke zuwa aiki kullum. Abin da ake so a gani shi ne yadda ciwon ya taɓa aikinka kai. Likita kuwa bai san aikinka ba sai ka gaya masa. Ka rubuta masa a shafi ɗaya: awa nawa kake tsaye, nauyin kilo nawa kake ɗagawa, ko kana tuƙi, ko kana aikin dare, ko kana shaƙar ƙura ko sinadari, ko kana hawa bene. Daga nan ne zai iya rubuta cewa ba za ka iya tuƙin da ya wuce awa ɗaya ba, ko aikin dare na dagula maka suga, ko za ka iya aikin zaune har zuwa wata uku. Rahoto mai kyau yana faɗin yaushe aka fara ganinka, wane gwaji aka yi da abin da ya nuna, wane magani kake kai, abin da ba ka iyawa, abin da kake iyawa, da lokacin da za a sake duba ka.

Kafin ka bar asibitin, ka duba takardar da idonka, ko ka ba wanda ka amince da shi ya karanta maka. Sunanka ya zo daidai da yadda yake a takardar albashi. Mai suna Muhammad a ofis kada rahoto ya fito da Mamman. A ga lambar fayil, da kwanan wata, da sunan likita a fili, da sa hannunsa, da hatimi, a kan takarda mai ɗauke da sunan asibitin. Likitoci a Najeriya suna da rajista da hukumar MDCN, kuma ofis na iya rubuta wa asibiti ya tambaya ko takardar daga wurinsu ta fito. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka sayen takardar bogi daga 'yan bakin ƙofar asibiti. Mai ciwon gaske da ya kai takardar ƙarya ya ba da dalilin korarsa da hannunsa, kuma ya jawo wa kansa laifin da zai iya kai shi kotu.

Sirrinka kuma naka ne. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti bayyana bayanin lafiyarka sai da amincewarka a rubuce, ko umarnin kotu, ko wani dalilin da doka ta ambata. Kana iya roƙon likita ya taƙaita rahoton a kan abin da ya shafi aiki. Mai ɗauke da cutar HIV yana da kariyar dokar hana wariya ta 2014, masu buƙata ta musamman kuma suna da tasu dokar ta 2018.

Yadda ake miƙawa

Saƙon baki ba shaida ba ne. Ranar farko da ka kasa zuwa, ka tura saƙon tes ko na WhatsApp ga shugabanka, kada ka goge. Idan takarda ta samu, ka yi kwafi biyu, ka haɗa da gajeriyar wasiƙa, a kai ofishin kula da ma'aikata, a buga tambarin "an karɓa" da kwanan wata a kan kwafin da zai dawo hannunka. Ainihin sakamakon gwaji da hoton ƙashi da na sikanin su zauna a gida. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, ka tura wa wani naka, saboda waya na ɓata kuma fayil na yin ɓatan dabo a ofis.

Idan aikin ne ya jawo ciwon

Wannan babi ne daban, kuma wa'adinsa gajere ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ya kamu da cutar da aikin ya haifar, har da kurumcewa saboda ƙarar inji, da lalurar damuwa da aikin ya jawo bisa wasu sharuɗɗa, da haɗarin da ya same shi tsakanin gida da wurin aiki. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun diyya na hukumar, kuma doka ta hana a cire kuɗin daga albashinka. Kai za ka sanar da mai aikinka cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, dokar ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Duk wannan ya rataya ne a kan jumla ɗaya da likitan farko zai rubuta. Idan ka faɗo daga tsani a sito, ka ce masa a wurin aiki ne, ƙarfe kaza, kana yin kaza. Idan aka rubuta "ya faɗi" kawai, daga baya sai ka yi ta fama kafin ka haɗa raunin da aikin. Ka riƙe sunayen waɗanda suka gani. Idan wani babba a wurin aiki ya ce a rufe maganar, za a biya kuɗin magani a tsakaninku, ka karɓi taimakon, amma sanarwarka a rubuce ta shiga.

Gaban kwamitin likitoci, da maganar ajiye aiki

Idan aka kira ka gaban kwamiti ko likitan kamfani, kada ka ƙi zuwa. Ka tafi da takardunka a jere bisa kwanan wata, da magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, da wani naka da zai tuna maka abin da ka manta. Ka nemi a ba ka kwafin abin da suka yanke.

Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka rubuta takardar ajiye aiki don an matsa maka, ko don kana jin nauyin cin albashi kana kwance. Wannan jin nauyi ya cuci mutanen kirki da yawa. Wanda ya ajiye da kansa ya raunana duk wata ƙara da zai kai daga baya. Ritaya bisa dalilin lafiya hanya ce daban mai nata haƙƙi: Dokar Fansho ta 2014 ba ta barin a taɓa asusun fansho kafin shekara 50, amma ta keɓe wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Wanda aka sallama kuma bai samu wani aiki ba cikin wata huɗu, yana iya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Kamfanin da ke kula da fanshonka zai nemi rahoton likita da takardar barin aiki, don haka abin da aka rubuta a matsayin dalilin tafiyarka yana da muhimmanci. Duk takardar da aka miƙo maka a ce sa hannu nan take, ka ce za ka je da ita gida ka karanta.

Idan an riga an sallame ka, ka fara da ƙungiyarku ta ƙwadago, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jiharka. Bayan su akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Jos da Abuja, kuma a shari'o'i da dama ta nemi mai aiki ya kawo dalili karɓaɓɓe na korar da ya yi. Kada ka bar watanni su shuɗe kafin ka ga lauya.

Maƙwabcin nawa daga baya ya je asibiti, hoto ya nuna matsala a ƙashin bayansa da ke danne jijiya, amma kwanan watan da ke kan rahoton ya zo bayan na takardar sallama. Yanzu kayan miya yake sayarwa a bakin titi.

Mai jinya sau da yawa ba shi da ƙarfin bin layin asibiti da na ofis. Saboda haka maganata ta ƙarshe ga matarsa ce, ko mijinta, ko ɗa, ko ƙani: idan kuna da ma'aikaci kwance a gida yau, ɗayanku ya ɗauki katinsa gobe da safe ya raka shi asibiti, a karɓo takardar hutu, a kai ofishinsu, kada a baro wurin sai an buga tambari a kan kwafinku.